Warwara da Maidowa: Tarihin Gyaran Kuskure a Zanen Injiniya



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, har ma wani zai ce bai kai a tara mutane dominsa ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san cewa idan ya yi kuskure, sai ya danne maɓallin Ctrl ya taɓa harafin Z, abin da ya ɓata ya koma yadda yake. Idan kuma ya ga ashe gyaran ne kuskuren, akwai wani maɓallin da zai dawo masa da abin da ya janye. Na farkon shi zan riƙa kira warwara, kamar yadda tela kan warware ɗinkin da ya karkace, na biyun kuwa maidowa. Zan tsaya ne a kan manhajojin da injiniyoyi da masu tsara gine-gine suke zane da su, domin a can ne lamarin ya fi wuya, a can ne kuma kuskure ya fi tsada. Wanda ya yi kuskure a wasiƙa kunya zai ji. Wanda ya yi shi a taswirar gada kuwa, rayukan jama'a ne a wuyansa.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To, na'ura ta koyi mayar da bunu, amma ba ta iyawa sai ta tuna daga inda aka zaro shi. Saboda haka tarihin warwara tarihin tunawa ne: me na'ura za ta tuna, har zuwa yaushe, kuma domin amfanin wa.

Zamanin reza da tawada

Kafin kwamfuta, zanen injiniya aikin ofishi guda ne mai ma'aikata da yawa, kowa a tsaye gaban babban allonsa da rula da kamfas. Mai zane yakan fara da fensir, wanda gyaransa da sauƙi. Shi kansa magogin roba ba tsohon abu ba ne kamar yadda ake zato. A 1770 ne wani maƙerin kayan awo a Landan mai suna Edward Nairne ya fara sayar da shi, kafin nan kuwa da ɓarɓashin burodi ake goge fensir. In an gamsu da zanen fensir, sai wani ma'aikaci ya shimfiɗa masa ƙyallen lilin mai shara-shara, ya bi kowane layi da tawada. Wannan ƙyalle shi ne uwar zane. Daga gare shi ake fitar da kwafe masu launin shuɗi, ta hanyar da ta samo asali daga binciken Sir John Herschel na 1842, a aika wa maƙera da magina.

Idan kuskure ya auku a kan uwar zane, ba abin yi sai a ɗauki reza a kankare tawadar a hankali. Wurin da aka kankare ba ya ƙara karɓar tawada da kyau, in aka yawaita kuwa sai ya huje, a koma a sake zanen tun daga fari, aikin da kan cinye kwanaki ko makonni. Tsadar gyara ta sa mutanen wancan zamani suka zama masu dogon tunani kafin su ɗora alƙalami. Ta kuma sa suka zama masu ɗari-ɗari da sabuwar dabara, domin wanda ya san gwaji zai ci masa mako guda ba ya yawan cewa bari in gwada in gani.

Amma akwai wata al'ada da ta taso daga wannan wahala, wadda nake so ku riƙe ta a zukatanku har ƙarshen wannan lacca. A kusurwar kowane zane akwai ɗan jadawalin gyare-gyare. Duk sa'ad da aka sauya wani abu bayan an fitar da zanen, sai a ba gyaran harafi, A ko B ko C, a rubuta kwanan wata, da abin da aka sauya, da haruffan sunan wanda ya sauya, da na wanda ya duba. Sa'an nan a kewaye wurin da aka taɓa da wani layi mai kama da gajimare domin ido ya faɗa kansa. Ma'aikatan baitulmali da ke cikin wannan zaure sun san irin wannan ƙa'ida a littafin kuɗi: ba a gogewa, ba a kankarewa, sai dai a ja layi ɗaya a kan lambar da aka kuskure yadda za a iya karanta ta, a rubuta daidai a samanta, a sa hannu. Manufar ita ce kada gyara ya ɓoye kansa.

Na'urorin farko

A 1963 wani ɗalibi mai neman digirin digirgir a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka, Ivan Sutherland, ya gabatar da wata manhaja mai suna Sketchpad. Ya gina ta ne a kan wata katafariyar kwamfuta da ake kira TX-2. Mutum kan riƙe wani alƙalami mai gane haske, ya ja layi a kan gilashin na'urar, layin ya bayyana nan take. Abin da ya fi muhimmanci a aikin Sutherland shi ne na'urar ba hoton layi kaɗai take riƙewa ba, har da dangantakar layin da sauran layuka. Ana iya gaya mata cewa waɗannan biyu tsawonsu ɗaya ne, ko wannan a tsaye yake a kan wancan, ita kuma ta daidaita zanen da kanta. Haka kuma in aka zana wani sashe sau ɗaya aka yi ta maimaita shi, gyaran asalin kan gyara dukkan kwafensa. A shekara mai bi, 1964, kamfanin motoci na General Motors da kamfanin IBM suka nuna wa duniya nasu tsarin mai suna DAC-1.

Sai dai kada a ɗauka daga nan reza ta yi ritaya. A shekarun 1970, yawancin ofisoshin da suka sayi na'urar zane suna aiki ne da wani irin gilashi na kamfanin Tektronix, wanda in aka zana layi a kansa sai ya zauna daram yana haske, ba a iya ɗebe shi shi kaɗai. Mai zane zai ba da umurni a share layi, na'ura ta share shi a cikin lissafinta, amma idonsa na ci gaba da ganinsa, har sai ya sa an wanke gilashin gaba ɗaya an sake zana kome daga fari. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan yanayi: in kuskure ya yi yawa, wanke allon ake yi dungum. Bambancin shi ne a nan, in zanen babba ne, sai an zauna jiran na'ura ta gama jera dubban layuka ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar warwara kanta ba a ofishin zane aka haife ta ba. Masu tarihin wannan fanni sukan ambaci wata manhajar rubutu mai suna FRESS, wadda Andries van Dam da ɗalibansa suka soma a Jami'ar Brown a 1968, a matsayin ta farko da ta ba mutum damar janye abin da ya yi. A 1971 Warren Teitelman ya shigar da abin da ya fi wannan zurfi cikin wani tsarin rubuta manhaja mai suna BBN-LISP, wanda daga baya ya zama Interlisp. Tsarin nasa kan riƙe jerin dukkan umurnin da mutum ya bayar, kuma mutum na iya nuna wani guda a tsakiyar jerin ya ce a warware shi. Ku lura da wannan, domin warware abu daga tsakiya, a bar na bayansa, ita ce matsalar da har yanzu take ba masu manhajar zane ciwon kai.

Daga nan dabarar ta bi ta cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Palo Alto, inda manhajar rubutu ta Bravo ta 1974 take da ita, har ta isa kamfanin Apple. Da kwamfutar Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984 ne harafin Z ya zama na warwara a hannun jama'a, yana maƙwabtaka da X da C da V a kusurwar hagu ta ƙasa, inda yatsu za su kai gare su ba tare da an duba ba. A daidai wannan lokaci wani malami a Jami'ar Maryland, Ben Shneiderman, ya rubuta a 1983 cewa ɗaya daga sharuɗɗan kyakkyawar manhaja shi ne kowane mataki ya kasance ana iya juya shi. Hujjar a fili take. Wanda ya san zai iya komawa baya ba ya tsoron matsawa gaba, kuma da gwaji ake koyo.

Yadda na'ura take tunawa

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce na'ura ta ajiye hoton aikin gaba ɗaya kafin kowane mataki. Haka Bill Atkinson ya yi a manhajar MacPaint ta 1984: ya ware wurare biyu a ƙwaƙwalwar na'ura, ɗaya na riƙe da hoton yanzu, ɗaya na riƙe da na kafin taɓawar ƙarshe. Wannan hanya mai sauƙi ce, amma mai cin wuri ce ƙwarai, Macintosh ta farko kuwa kilobait 128 kacal gare ta. Shi ya sa warwarar wancan zamani taku ɗaya ce tak. In ka danna sau ɗaya ka koma baya, in ka sake dannawa ka dawo inda kake, kamar mai shiga da fita ta ƙofa guda. Wanda bai farga da kuskurensa ba sai bayan taku biyu, bakin alƙalami ya bushe.

Hanya ta biyu ita ce na'ura ta rubuta kowane mataki tare da maganinsa, ta jera su kamar faifan da aka ɗora kan juna, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka. In aka matsar da bango santimita biyar zuwa dama, maganinsa a mayar da shi santimita biyar zuwa hagu. A baki abin da sauƙi. A aikace kuwa akwai matakan da ba su da kishiya. Idan aka datse layi, guntun da aka yar ba ya cikin zanen kuma, ba kuwa wani lissafi da zai fito da shi sai in an ajiye shi a gefe tun farko. Idan aka narkar da siffofi biyu suka zama ɗaya, iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace. Har ma juyawa, wadda ake ganin ba ta da matsala, tana da nata tarkon: kwamfuta ba ta riƙe lamba mai ɗigo sai iyakar wasu gurabe, saboda haka in ta juya abu digiri 30 ta sake juyo shi digiri 30 ta lissafi, ba lalle ya sauka daidai inda ya taso ba. Bambancin ƙanƙane ne wanda ido ba ya gani, amma ya isa ya sa layuka biyu da suka haɗu su daina haɗuwa a wurin na'ura. Domin haka masu hikima a cikin marubuta manhaja sukan ajiye tsofaffin lambobin kansu, su mayar da su yadda suke. Waɗannan dabaru biyu sun zama sanannu har aka ba kowacce suna da babi nata a wani mashahurin littafin tsara manhaja na 1994, wanda Erich Gamma da abokansa uku suka wallafa.

Manhajar da ta kai zanen kwamfuta ƙananan ofisoshi ita ce AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a watan Disamba na 1982 domin ƙananan kwamfutoci. Tun a fitowarta ta farko-farko tana da wani umurni mai suna OOPS, watau irin abin da Bature kan furta in abu ya suɓuce masa, kamar mu ce kash. Aikinsa guda ne, dawo da abin da aka share na ƙarshe. Cikakkiyar warwara mai taku da yawa ta zo ne a 1986. A cikinta akwai wata dabara mai kyau wadda ɗalibai da yawa ba su san da ita ba: mai zane na iya kafa alama kafin ya shiga wani gwaji, in gwajin bai yi ba sai ya ce a koma kan alamar, dukkan abin da ya biyo baya ya warware a lokaci guda. Abin mamaki shi ne maidowa ta daɗe a baya. Shekaru da dama taku ɗaya kaɗai ake iya maidowa a AutoCAD, kuma sai nan take bayan warwarar, har zuwa fitowar da aka yi wa laƙabi da 2004.

Me ya sa maidowa take da rauni haka? Ku ɗauki matafiyi da ya yi taku goma, ya koma baya taku uku. Muddin bai motsa ba, sawunsa na nan a gabansa, yana iya sake bin sa. Da zarar ya ɗaga ƙafa ya nufi wata hanya dabam, hanya ta rabu biyu, galibin manhajoji kuwa layi ɗaya suka san riƙewa, sai su share tsohon sawun ba tare da sun tambaye shi ba. Mutum na iya warware aikin awa guda domin kawai ya duba yadda zanen yake a dā, hannunsa ya taɓa wani abu bisa kuskure, aikin awa guda ya tafi ke nan. Wasu manhajojin rubutu sun magance wannan, alal misali Vim, wadda tun fitowarta ta 7 a 2006 take riƙe kowane reshe. A ganina rashin yin haka a yawancin manhajojin zane na tsawon shekaru gazawa ce ta masu yin su, ba wai abin ya gagara ba ne.

Zane mai riƙe tarihinsa

A ƙarshen shekarun 1980 aka sami wani babban sauyi. Samuel Geisberg, masanin lissafi da ya yi ƙaura daga Tarayyar Sobiyet zuwa Amurka, ya kafa kamfanin PTC a 1985, kamfanin kuma ya fitar da Pro/ENGINEER. A wannan manhaja, abin da ake adanawa shi ne jerin matakan ƙera abu, kamar yadda uwargida kan riƙe tsarin girki: a zana murabba'i, a ba shi kauri milimita 10, a huda rami a tsakiya, a dadashe gefuna. Kowane awo lamba ce da ake iya sauyawa. In aka koma mataki na biyu aka mayar da kaurin milimita 15, sai na'ura ta sake bin sauran matakan da kanta ta fito da sabuwar siffa. SolidWorks, wadda ta fito a 1995, ta sauƙaƙa abin har ta sa wata 'yar sanda a gefen jerin, wadda ake ja sama a ga abin yadda yake a kowane mataki na ƙirarsa.

Wannan wata irin warwara ce dabam da ta harafin Z. Ita ba ta mutuwa in an rufe fayil, kuma tana ba da damar gyara tsakiya a bar ƙarshe, abin da Teitelman ya fara nema tun 1971. Amma fa kowane mataki a jingine yake da na gabansa. Bari in ba da misali. Tubali yana da fuska shida, na'ura ta ba kowace fuska lamba. Ka ce a huda rami a fuska ta shida. Daga baya ka koma baya ka yanke wata kusurwa ta tubalin, fuskoki suka zama bakwai, na'ura ta sake rabon lambobi. Yanzu wace ce fuska ta shida? In an yi sa'a, na'ura za ta tsaya ta nuna jan rubutu ta ce ta rikice. In ba a yi sa'a ba, sai ta huda ramin a wata fuskar ta yi shiru, wannan kuwa shi ne mafi haɗari. Manyan kamfanoni sun kashe shekaru suna rage wannan matsala da dabaru iri-iri. Manhajar FreeCAD, wadda kyauta ce kuma masu sa kai suke gina ta, ta yi fama da ita shekara da shekaru, sai a fitowarta ta 1.0 a watan Nuwamba na 2024 aka shigar da gyaran da ya rage ta ƙwarai. Wasu kuma suka ce tarihin kansa ne sarƙa, suka fito da manhajojin da ake ja da tura fuskar abu kai tsaye ba ruwan kowa da yadda aka ƙera shi, irin su SpaceClaim ta 2007. Har yau injiniyoyi ba su daina gardama a kan wanne ya fi ba, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa gwargwadon irin aikin da yake yi.

Inda warwara ba ta kaiwa

Littafin jagorar AutoCAD kansa ya bayyana cewa warwara ba ta da iko a kan abin da ya fita daga zanen, kamar bugawa a takarda ko rubutawa a wani fayil. Haka nan jerin matakan da harafin Z yake bi yakan ɓace da zarar an rufe zanen. Watau tunawar na'ura ta mai zane ce shi kaɗai, a zamansa na wannan rana. Ba ta gaya wa shugabansa kome, ba ta gaya wa maƙeri kome, ba ta gaya wa kwamitin bincike kome. A nan ne nake so mu koma ga ɗan jadawalin nan na kusurwar takarda.

A ranar 17 ga Yuli 1981, a otel ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a jihar Missouri ta Amurka, wasu gadoji biyu na tafiya da ƙafa da aka rataya a cikin babban zauren otel ɗin suka rufto a kan jama'a ana tsakiyar rawa. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Gadar hawa na huɗu tana saman ta hawa na biyu daidai. A zanen asali, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi, su ratsa gadar sama, su zarce har ta ƙasa. Kamfanin da zai ƙera ƙarafan ya ga wannan zai yi wuyar haɗawa, sai aka raba kowace sanda biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Ku ɗauki igiya guda da ta sauko daga azara, aka ƙulla tulu biyu a jikinta. Kowane ƙulli nauyin tulunsa kaɗai yake ɗauke da shi. In kuwa aka rataya tulun ƙasa a jikin na sama, ƙullin sama ya ɗauki nauyin biyu ke nan. Abin da ya faru ke nan. Binciken hukumar ma'aunai ta ƙasar Amurka ya nuna cewa ko zanen asalin ma bai cika ƙa'idar ginin birnin ba, sauyin kuma ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar. An buga wa zanen da aka sauya hatimin ofishin injiniyoyi ba tare da an sake lissafin mahaɗar ba, kuma daga baya aka yi ta jayayya a kan wa ya amince da me, a wace magana ta tarho. A 1986 injiniyoyi biyu da ke da alhakin aikin suka rasa lasisinsu.

Ba kwamfuta ce ta jawo wannan masifa ba, kada a fahimce ni a karkace. Na kawo shi ne domin ya nuna cewa sauyin da bai wuce layi biyu a takarda ba yana iya zama mafi girman abu a cikin gini. In haka ta faru a zamanin da kowane gyara sai an sha wuya, to ina ga zamanin da mai zane kan yi gyara ɗari kafin azahar, ya warware hamsin, ya maido goma, kuma zanen ya fito fes ba tabon reza ko ɗaya? A dā, mai dubawa kan ɗaga ƙyallen lilin ga haske ya ga inda aka kankare. Zanen kwamfuta ba ya nuna tabo. Saboda haka ofishin da ya sayi manhaja ya kuma saki al'adar jadawalin gyare-gyare, yana zaton na'ura na riƙe masa tarihi, ya yi asarar abin da kakanninsa a sana'a suke da shi. Wannan magana ta shafi ma'aikatan da ke karɓar zane daga hannun 'yan kwangila. Fayil ɗin da aka miƙa muku ba ya ɗauke da labarin yadda aka kai gare shi, sai in kun nemi a rubuta, da harafi da kwanan wata da sa hannu.

Masu manhaja sun gane wannan giɓi, sun kuma bi hanyoyi dabam-dabam domin cike shi. Pro/ENGINEER takan ajiye sabon fayil mai lamba duk sa'ad da aka adana aiki, ta bar tsohon, tana kuma rubuta wani fayil na sawu mai ɗauke da duk abin da mai zane ya danna, wanda ake iya sake kunnawa in na'ura ta tsaya cik. Manyan masana'antu suka kafa rumbunan zane, inda ba mai taɓa fayil sai ya karɓe shi da sunansa, ba kuwa mai fitar da shi ga maƙera sai an sa hannu. Jon Hirschtick, wanda ya kafa SolidWorks a 1993, ya sake kafa wani kamfani a 2012 wanda ya fitar da Onshape a 2015. Ita wannan a intanet take zaune, mutane da yawa na iya aiki a kan zane guda a lokaci guda, kuma kowane mataki ana rubuta shi da sunan mai shi da lokacinsa, ana iya komawa gare shi ko bayan shekaru, ana kuma iya fitar da reshe a gwada wata dabara ba tare da an share sawun farko ba. Kamfanin PTC ya saye ta a 2019.

Sai dai aikin tarayya ya zo da tasa tambayar, wadda masana biyu a Ingila, Gregory Abowd da Alan Dix, suka tattauna tun 1992. Idan ni da kai muna zane guda, na ja bango, kai kuma ka buɗe taga a jikinsa, sa'an nan na danna warwara, me ya kamata ya faru? In na'ura ta janye mataki na ƙarshe a zanen, tagarka ta ɗauke, alhali ba ni na yi ta ba. In ta janye mataki na ƙarshe da ni na yi, bangon ya tafi ya bar tagarka a rataye a iska. Abowd da Dix sun nuna cewa warwara niyya ce ta mutum kafin ta zama aikin na'ura, na'ura kuwa ba ta ganin niyya, matakai kaɗai take gani. Yawancin manhajojin tarayya sun zaɓi kowa ya warware nasa kawai, in nasa ya riga ya zama tushen aikin wani kuma, sai su ƙi, ko su nuna gargaɗi, su bar mutanen biyu su ɗaga tarho su daidaita tsakaninsu.